Tsabar gwal ta 1936 mai sunan British West Africa: samfur ce ko ƙirar 'yan kasuwa?

Ɗan_Kurmi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata tsabar gwal da hotonta ke yawo a zaurukan dillalai kwanan nan. Girmanta kamar fam ɗin gwal na Ingila, a gaba kan Sarki Edward VIII, a baya an rubuta BRITISH WEST AFRICA 1936. Masu tallarta na cewa samfur ce da Turawan mulkin mallaka suka buga wa ƙasashenmu, sai sarkin ya yi murabus kafin a sake ta, shi ya sa ta yi ƙaranci. Tambayata biyu ce. Shin an taɓa buga wa Najeriya ko Gwalkwas (Ghana ta yau) kuɗin zinare a zamanin Turawa? Sannan ta yaya mai tara tsofaffin tsabobi zai rabe samfur na gaskiya da abin da aka ƙera daga baya?

Malam_Ma'auni
Wa alaikumus salam. Amsar tambayar farko gajeriya ce: ba a taɓa ba. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a Landan a 1912 ita ke samar wa Najeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya kuɗi. Abin da ta fitar a 1913 azurfa ce: taro, sisi, sule mai bishiyar kwakwa, da fataka. Daga 1920 da azurfa ta yi tsada aka koma tagulla. Kwabo da anini masu huda kuwa sun riga hukumar, tun 1907 ake buga su, na farkon ma ɗauke suke da NIGERIA BRITISH WEST AFRICA. Zinare babu shi a jerin nan ko sau ɗaya.

Edward VIII ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar. An buga mana kuɗi da sunansa, gaskiya ne, amma kwabo ne da dari da anini, dukkansu masu huda a tsakiya, don haka babu kan sarki a jikinsu, suna kawai da kambi. An buga miliyoyinsu, har yau ba su da tsada. Duk tsabar da ta haɗa kansa da sunan ƙasashenmu ba daga gidan buga kuɗi na hukuma ta fito ba.

Hajiyar_Gwal
Malam, to idan an kai ta wajen masu gwaji aka ce gwal ce fa? Masu sayarwar da wannan suke kafa hujja.

Malam_Ma'auni
Hajiya, kasancewarta gwal bai tabbatar da labarin da aka ɗora mata ba. Wasu dillalan tsabobi a Landan sun ƙera irin waɗannan a 1954, wasu suka sake a 1984, daga baya ma an ci gaba. Suna sa kan Edward VIII da shekarar 1936 da sunayen ƙasashen mulkin mallaka daban-daban, a azurfa, a jan ƙarfe, wasu a gwal. Su masu ƙerawar ba su ɓoye ba, a matsayin kayan sha'awa suka sayar. Sai ta ratsa hannu uku ko huɗu ne ake liƙa mata labarin samfur.

Abu_Sadiq_Tsabobi
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Samfur na gaskiya shi ne zanen da gidan buga kuɗi na hukuma ya shirya ya buga 'yan kaɗan don a nuna wa sarki ko baitulmali, a amince ko a ƙi. Bugun gwaji daban ne: zanen an riga an yarda da shi, ana gwada hatimi ne, wato abin da ake danna zanen a jikin tsaba da shi, ko sabon ƙarfe, shi ya sa za ka gan shi a dalma ko jan ƙarfe, wani lokaci gefe ɗaya kawai. Cikin sulallan Afirka ta Yamma akwai waɗanda aka rubuta wa TRIAL ko SPECIMEN ɓaro-ɓaro a fili. Akwai kuma bugun madubi, wanda aka goge hatimi da ƙarfen aka buga fiye da sau ɗaya don masu tarawa ko kyautar manya. Wannan ba samfur ba ne, kuɗi ne na hukuma da aka ƙawata. Sai maimaicin bugu, wato tsohon hatimi na gaskiya da aka sake amfani da shi bayan shekaru, tsohuwar shekarar na nan a jiki. Na ƙarshe shi ne ƙirar ƙage, irin wadda Ɗan_Kurmi ya kawo, tsabar da babu gwamnatin da ta taɓa neman a yi ta.

Samfur na gaskiya yana da tarihin hannu. Ana sanin nawa suka rage, wace taska ke riƙe da wane, a wane gwanjo aka sayar da wane. Fam ɗin gwal na Edward VIII na ainihi shekararsa 1937 ce, ba 1936 ba, bayansa mahayin doki da dodo ne, guda shida aka sani, kuma a Janairun 2020 an sayar da ɗaya fam miliyan 1. Abin da darajarsa ta kai nan ba ya yawo a WhatsApp yana neman mai saye.

Ɗan_Zango_Kumasi
Malam_Ma'auni, ina da ja kaɗan. Ka ce ba a taɓa yin kuɗin zinare da ya shafe mu ba, to kuɗin gwal na Ingila mai suna gini fa? Tun 1663 ake buga shi da gwal ɗin gaɓar tekunmu, sunan ma daga yankin Gini ya samo. Waɗanda aka buga da gwal ɗin kamfanin Royal African suna da ƙaramar giwa a ƙarƙashin wuyan sarki, daga baya giwa mai ɗauke da ganuwa a baya, har zuwa 1726. Kamfanin nan shi ne mai fataucin bayi daga gaɓar nan, don haka duk wanda ya riƙe gini mai giwa ya san tarihin da yake riƙe da shi.

Malam_Ma'auni
Yallaɓai, gwal ɗin namu ne, kuɗin nasu ne. A Hasumiyar Landan aka buga shi don kasuwannin Ingila, ba don Cape Coast ta Gwalkwas ba. Abin da aka buga wa Gwalkwas da sunanta shi ne ackey na 1796 da 1818, kuma azurfa ce, duk da cewa sunan na awon garin gwal ne, kashi ɗaya cikin 16 na oza. Na 1796 na farko suna da kuskuren rubutu, PARLIMENT, an tsallake harafin A. A kula da waɗanda suke ƙyallin gwal: jan ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinare, haka ma wasu na kamfanin Saliyo masu shekarar 1791. Kuma da aka yi gwanjon kayan masana'antar Soho ta Birmingham, mai buga tsabobi, a 1850, wani maƙeri W. J. Taylor ya sayi tsofaffin hatimai da yawa ya riƙa maimaita bugu da su. Shi ya sa duk abin da ya fito daga Soho sai an duba shi sau biyu.

Injiniya_Tabora
In gwal ɗin mulkin mallaka ake nema wanda aka haƙo a Afirka aka kuma buga a Afirka, ga tsabar rufi 15 ta Jamusawan Afirka ta Gabas ta 1916. Yaƙin duniya na farko ya yanke su daga Jamus, jiragen ruwan Ingila sun tare teku, kuɗi suka ƙare a Tanganyika. Sai suka ɗauko gwal daga mahaƙar Sekenke suka kafa wurin bugu a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Tabora, ƙarƙashin injiniyan ma'adinai Friedrich Schumacher. Gaba giwa ce ta ɗaga hanci, dutse a bayanta, 1916 da harafin T a ƙasa. Baya gaggafa ce da DEUTSCH OSTAFRIKA 15 RUPIEN. Nauyi wajen giram 7.1, faɗi wajen milimita 22, gwal kashi 750 cikin 1000, gefenta sumul babu haƙora. Duka-duka 16,000 da 'yan kai aka buga kafin sojojin Beljiyam su kama garin a Satumbar 1916. Iri biyu ce: a duba ƙarshen lanƙwasar adon da ke gefen dama na gaggafa, a wata tana tsayawa ƙarƙashin T na OSTAFRIKA, a wata ƙarƙashin A.

Abin lura, ta gaskiyar ba ta da kyan bugu. Injinan da aka yi aikin da su ba na buga kuɗi ba ne, don haka akwai wuraren da zanen bai fito sosai ba, launinta kuma ya fi na fam haske saboda azurfar da ke cikin haɗin. Wadda ta fito tas, ja-jawur, aka gwada aka samu karat 21 ko 22, ita ce abin tuhuma. Gwal ɗinta ya fi na asali kyau, amma jabu ce.

Hajiyar_Gwal
Wannan batu na Injiniya shi ya fi shafar mu mata. Sisin gwal da ake sarowa daga Makka, Jidda da Dubai, mai kan Sarki George da doki, yawancinsa kwaikwayo ne na karat 21, giram 8 cif. Shagunan ba sa ɓoyewa, da awo suke sayarwa, wasu ma an buga musu 21K ko 875 ƙarami a jiki. Don sadaki ko ajiya ba shi da laifi. Amma kada a sayar wa mutum shi da kuɗin tsohon fam na Turawa.

Abu_Sadiq_Tsabobi
Haka ne Hajiya. Fam na gaskiya giram 7.99 ne, karat 22, tsantsar gwal a ciki giram 7.32, faɗi milimita 22.05, kauri wajen 1.5. Rabinsa giram 3.99, faɗi 19.3. Dokar Ingila ta ce wanda ya sauka ƙasa da giram 7.94 ya fita daga kuɗin kashewa, to wanda ya nuna 7.8 ko dai an kankare shi ko ba shi ba ne.

Na mulkin mallaka ana gane su da ƙaramin harafin garin da aka buga su a ƙasan da dokin ya taka, sama da shekara. S Sidni, M Melbon, P Perth, C Ottawa, I Bombai, SA Pretoriya. Wanda babu harafi na Landan ne. A na Sarauniya Victoria tana budurwa, harafin na ƙarƙashin wuyanta in mai doki ne, in mai garkuwa ne yana baya can ƙasa. Haddace shekarun ya fi kowane inji amfani. Perth ta fara 1899. Ottawa daga 1908 zuwa 1919, ban da 1912 da 1915. Bombai shekara ɗaya tak, 1918, sai a 2013 aka dawo da harafin I a sabon bugu. Pretoriya daga 1923 zuwa 1932. Sidni ta rufe 1926, Melbon da Perth suka tsaya 1931. Landan kuwa ba ta buga fam ba daga 1918 zuwa 1924. Saboda haka 1917 mai SA, ko 1920 marar harafi, ko 1912 mai C, ba sai an ɗora a sikeli ba.

BaZazzagi_77
Ƙari a kan wannan. Masu wahalar samu su ake yi wa aiki: 1908 C da aka buga 636 kacal, 1916 C, 1920 S, 1923 SA, da 1917 na Landan. Dabarar biyu ce. Ko a ɗauki 1917 na Perth a kankare P ya koma na Landan, ko a ɗauki 1916 na Landan a like masa C. Da gilashi mai ƙara girma sau 10, a haska fitila daga gefe. Inda aka kankare za a ga ƙasan ta lotsa, ƙyallin wurin ya saɓa da na kewaye. Inda aka like kuwa harafin ba ya narkewa cikin ƙasan kamar sauran zane, yana da layi a gindinsa, wani lokaci da canjin launi saboda zafin wuta.

Sannan a juya tsabar. A riƙe ta sama da ƙasa a juya kamar ana buɗe ƙofa. Fam daga bugun jubilin Sarauniya Victoria na 1887 zuwa sama, bayan yana fitowa a miƙe. Na Victoria tana budurwa yana fitowa kai a ƙasa. Masu kwaikwayo kan manta da wannan.

Maƙerin_Fari
Mu a wajenmu dutsen gwaji da ruwan asid ne ke raba gardama. A goga gefen a dutse, a ɗiga ruwan gwajin karat 22, in layin ya tsaya shi ke nan.

Malam_Ma'auni
Baba maƙeri, da girmamawa, wannan na sarƙa da awarwaro ne. A goga gefen rufi 15 na Tabora a dutse, an zubar da kuɗin da ya fi gwal ɗin da ke cikinta, domin kamfanonin tantancewa za su rubuta mata lalatacciya. Kuma asid karat yake faɗa, ba ya faɗin wanda ya buga. Jabun fam da aka riƙa yi a Italiya da Beirut bayan yaƙin duniya na biyu gwal ne sosai, wasu karat 22 cif. Ribar masu yi tana cikin ƙarin da kasuwa ke biya a kan fam sama da ɗanyen gwal. Yawansu na cikin abin da ya sa Ingila ta dawo da buga fam a 1957.

Gwajin da ba ya cutarwa shi ne na ruwa. A auna tsabar a bushe. A ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli a mayar da shi sifili. A ɗaure tsabar da siririn zare a nutsa ta, kada ta taɓa gindi ko gefe, a kaɗe kumfar da ta maƙale. A raba nauyin bushe da abin da sikelin ya nuna. Karat 22 mai haɗin jan ƙarfe yana ba da wajen 17.6, karat 21 wajen 16.9, tagulla mai ruwan gwal ba ta kai 9 ba. Inda ake kuskure shi ne sikelin. Fam yana ture ruwa giram 0.454 ne kawai. Sikeli mai lamba biyu zai nuna 0.45 ko 0.46, na farko ya ba ka 17.8, na biyu 17.4, karat 21 kuma 0.47. Tazarar ta yi kaɗan, iskar fanka ma na iya sauya ta. Sai mai lamba uku, a kashe fanka, a maimaita har lambar ta tsaya.

Maƙerin_Fari
Na ji batun dutse. Amma ku ma ku sani ido da kunne na aiki. Tsabar zubi ba ta ƙara kamar ta bugu, sautinta a mace yake. Fuskarta na da ƙananan ramuka da ƙuraje, haruffan bakinsu a dakushe, a gefe kuma sau da yawa akwai layin da bakin mazubi ya haɗu, ko alamar an bi shi da zarto. Haƙoran gefen fam na gaskiya a jere suke, zurfinsu ɗaya. A ɗora ta a kan yatsa a taɓa ta da fensir, ba a wurga ta a siminti.

Dr_Sinadarai
Game da injin haske da manyan shagunan gwal ke amfani da shi: fata kawai yake karantawa, bai wuce kaurin gashi ba. Ruwan gwal mai kauri na iya ruɗinsa, don haka a haɗa shi da awo da gwajin ruwa. Amma yana da amfani ɗaya babba. Fam ɗin Sidni na 1855 zuwa 1870, masu rubutun SYDNEY MINT da AUSTRALIA a baya, yawancinsu da azurfa aka haɗa gwal ɗinsu maimakon jan ƙarfe, shi ya sa suka fi na Landan fari. In injin ya nuna jan ƙarfe zalla a na shekarun farko, a tsaya a sake dubawa. Haka rufi 15 na Tabora, in ya haura 750 da nisa.

Ustaz_Mithƙali
Tunda Hajiya ta ambaci sadaki. In an ɗauki dinari giram 4.25, tsantsar gwal ɗin fam ɗaya ta kai dinari 1.7 da 'yan kai, ta ninka rubu'in dinari kusan sau bakwai. Nisabin zakka dinari 20, wato giram 85. Da tsantsar gwal fam 12 ne ke kai wa, da nauyin tsabar gaba ɗaya kuwa 11. Mai tara su ya sani suna cikin lissafi in shekara ta zagayo, ko ado yake kallo a jikinsu ko tarihi. Wanda yake saye don sayarwa kuma hukuncin kayan kasuwa ya shigo, ya zauna da malaminsa.

Ɗan_Maraɗi
Mu a ɓangaren Faransa abin ya fi sauƙi, domin gidan buga kuɗi na Paris yana rubuta ESSAI ƙarami a jikin samfur. Faran 1 da faran 2 na Afirka ta Yamma na 1948, masu kan barewa, na kashewa alminiyam ne, amma na ESSAI farin ƙarfe ne mai nauyi, wajen dubu biyu aka buga. Haka na Kamaru da Togo na shekarar. Sai dai a fahimta, waɗannan an yi su ne da yawa don rabawa da sayarwa, ba irin samfur guda shida da Abu_Sadiq ya faɗa ba, farashinsu ma mai sauƙi ne. Akwai kuma masu kauri ninki biyu.

Gwal kuwa, Faransa ma ba ta buga wa Nijar ko Cadi ba a zamanin mulkinta. Masu kan Diori Hamani da shekarar 1960 na bayan 'yanci ne, don masu tarawa. Na mulkin mallaka na gaskiya a Afirka shi ne faran 20 da faran 10 na Tunisiya daga 1891, gefe ɗaya Larabci da sunan Bey, wato sarkin ƙasar, ɗaya Faransanci. Faran 20 giram 6.45, gwal 900. Na 1891, 1892 da 1904 suna da yawa, kusan kuɗin gwal ake sayensu. Bayan 1904 aka koma buga ƙasa da ɗari a shekara, to nan ne tsada take, nan ne kuma ake gyara lambar shekara.

BaZazzagi_77
Mu koma kan maimaicin bugu, don shi ya fi ƙirar ƙage wahalar kamawa. Mohur, kuɗin gwal na Indiya, na kamfanin East India na 1835, mai kan William IV, baya zaki da bishiyar dabino, giram 11.66, wato tola ɗaya, karat 22. Akwai mai ninki biyu. Gidajen buga kuɗi na Indiya sun ci gaba da buga wa masu oda da tsofaffin hatimai har wajen 1970. Gwal daidai, awo daidai, hatimi na gaskiya. Duk gwajin da Malam_Ma'auni ya kawo za ta ci shi.

Ana kama ta ne a fuska. Hatimin da ya daɗe a ajiye yana tsatsa, tsatsar ta ci ramuka, ramukan su fito a tsabar kamar ƙuraje masu tudu. Sai ma'aikata su goge hatimin, gugar ta cinye siraran wurare: gashin wuyan zaki, bakin ganyen dabino, ƙananan haruffan da ke yankin wuyan sarki. Filin ya koma kamar madubi, zanen kuma ya rame. A rabe layukan biyu: na gugar hatimi tudu ne kuma suna tsayawa a gindin harafi su ci gaba a ɗaya gefen, na wanda ya goge tsabar da tsumma kuwa rami ne kuma suna hawa kan haruffa da fuskar sarki. Wani lokaci ma a haɗa gaban wata shekara da bayan wata, a kira shi samfur.

Hajiyar_Gwal
To wannan jabu ce ko ba jabu ba?

Abu_Sadiq_Tsabobi
Ba jabu ba ce Hajiya, gidan hukuma ne ya buga, kuma tana da kasuwarta, wasu ma kuɗi masu yawa. Zaluncin shi ne a sayar da ita a matsayin bugun 1835. Ingila da kanta ta buga fam masu shekarar 1925 tsakanin 1949 da 1952. Faran 20 mai zakara na 1907 zuwa 1914 Faransa ta maimaita shi a shekarun 1950.

Injiniya_Tabora
Ni ban yarda a sa su a taska ɗaya ba. Abin da ke ba tsabar mulkin mallaka daraja shi ne lokacinta da wurinta. Veldpond, fam ɗin gwal na Turawan Boer na Afirka ta Kudu na 1902, da aka buga 986 a Pilgrim's Rest ana tsakiyar yaƙi da Ingila, da hatimin hannu, mummunan bugu ne, amma shaida ce. Mohur da aka buga wa attajiri a 1960 da tsohon hatimi ba ta shaida komai ba.

Ummu_Taska
A yi maganar ajiya, don yawancin waɗanda ke gidajenmu ba jabu ne ya kashe su ba, gyara ne. Fam da aka yi wa kunne aka rataya a sarƙa, ko an cire kunnen, a duba gefen sama daidai kan sarki: haƙoran sun baje ko an sake yanka su da hannu, launin wurin ya sauya. Wanda aka sa a zobe kuwa bakinsa duka a danne yake, fuskarsa ta yi sulɓi saboda gumi da gugar tufafi. In shekarar mai yawa ce ya koma kuɗin awo, in mai wuya ce ya rasa kaso babba.

Kada a taɓa ta da toka, lemun tsami, omo ko man goge haƙori. Jajayen ɗigo a jikin tsohon gwal jan ƙarfen haɗin ne, ba datti ba, a bar su. In maiƙo ne ko danƙon leda, a jiƙa ta a tsantsar asiton a kofin gilashi, ba na goge farce mai turare ba, a ɗaga ta bushe da kanta, babu shafawa. A riƙe ta gefe. Ledar nan mai laushi tana fitar da kore mai danƙo in zafi ya yi yawa, a nemi ƙwanso mai tauri daidai faɗinta, kowace ita kaɗai. Ƙurar hunturu yashi ce, in ta kwanta aka share da hannu ta bar zane.

Ɗan_Kurmi
Na gode ƙwarai. To mai son shiga harkar da gaske, ta ina zai saya?

Abu_Sadiq_Tsabobi
Duk abin da farashinsa ya haura gwal ɗin cikinsa da nisa, a saye shi a rufe cikin ƙwanson kamfanonin tantancewa NGC ko PCGS. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70, wadda aka goge ko aka cire wa kunne ba ta samun maki, sai a rubuta aibinta. Ƙwanson ma ana kwaikwayonsa, saboda haka a shigar da lambar a shafinsu a gwama hoton da tsabar, tabo da tabo, ba rubutun kawai ba. Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan, Künker a Jamus da Heritage a Amurka suna barin sakamakon tsofaffin gwanjo a intanet, nan ake koyon farashi kyauta. A tuna la'ada: kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ake ɗorawa a kan kuɗin da aka buga guduma. Abin fam 1,000 zai tashi wajen 1,250 kafin kuɗin aike, inshora da canji. Ranar sayarwa kuma a sake cire wata la'adar. Wanda ya saya yau ya sayar baɗi, da wuya ya mayar da uwar kuɗi.

Dr_Sinadarai
Kuma ƙaranci ba ya dawwama. Dala 5 da dala 10 na gwal na Kanada, 1912 zuwa 1914, sun daɗe a rumbun babban bankin ƙasar, sai a 2012 aka fito da wajen 30,000 kasuwa lokaci guda. Yawan da aka buga da yawan da ya rage abu biyu ne daban. 1917 na Landan an buga sama da miliyan ɗaya, amma kusan duka an narkar.

Ɗan_Zango_Kumasi
Ni shawarata ga mai farawa, ya haɗa haruffa shida na George V: S, M, P, C, I, SA, ya ƙara na Landan, a shekaru masu yawa. Kuɗinsu bai yi nisa da na gwal ba, kuma kafin ya gama idonsa ya san yadda fam na gaskiya yake. A gefe ya tara kwabo, dari da anini na Edward VIII. Cikin kwabon 1936 mai harafin H, alamar gidan da ya buga shi, akwai wanda aka yi kuskuren haɗa shi da hatimin santi 10 na Afirka ta Gabas, wannan abin nema ne na gaske kuma namu ne.

Hajiyar_Gwal
Ita wadda aka fara magana a kanta fa, in da kuɗin awo aka bayar, a saya?

Injiniya_Tabora
Ni ba zan ba da shawarar haka ba. Ranar sayarwa mai shago narkarwa zai yi, kuma zai cire ladan tacewa.

Maƙerin_Fari
In da awo ne babu laifi, amma a fara sanin karat ɗinta, domin irin waɗannan akwai na karat 9, wato gwal 375 cikin 1000. In faɗinta da kaurinta daidai da fam suke amma ta nuna wajen giram 5 a sikeli, karat 9 ce, tsantsar gwal a ciki bai kai giram 2 ba. In ta nuna giram 8, a auna kaurin, don ana ƙara shi a cike nauyi. Ɗan_Kurmi, ka ce mai ita ya turo hoton gefenta, da hotonta a kan sikeli mai lamba uku, da awon faɗi da kauri. Wannan tunda ba ta tarihi ba ce, dutse da asid ma sun halatta a kanta.